Wurin Gishiri

"To faɗi dalilin mana," in ji Klaudiya. "Tun jiya kake cewa a bari, a bari. A bari sai rufin ya faɗo wa Mama a ka?"

Chuwang bai ɗago ba. Yana zaune a kan turmi a ƙofar kicin, yana kankare tsatsar wata wuƙa. Klaudiya yayarsa ce. Hutu ta zo daga Abuja, da waya cike da hotunan kicin: farin tayil, kabad a bango, murhun gas. Har ta gama magana da Romanus magini. Tayil ɗin ma an kawo daga kasuwar Terminus, yana jingine a baranda.

Kicin ɗin kam ya gaji. Babansu ya gina shi tun yana aikin kuza, kafin unguwar Jos Jarawa ta cika haka. Hayaƙi ya cinye silin, kwano na yoyo, simintin ƙasa ya tsage. Chuwang ya fi kowa sani, shi ke tara bokiti in ruwa ya sauko.

Amma akwai abin da shi kaɗai ya sani. Idon Mama ya tafi tun daminar bara, inuwa kawai take gani. A kicin ɗin nan ne ba mai ganewa. Hannunta ya haddace kantar kicin ɗin: gishiri a gwangwanin madara, daddawa a bayansa, ashana a ramin bango. Tsagar simintin ma ita ke gaya wa ƙafarta an iso murhu. Ta sa shi ya yi mata alkawarin yin shiru, don ranar da Klaudiya ta ji, ranar za ta ɗauke ta zuwa Abuja, ta ajiye ta a bene, a daina barinta ta taɓa ko ludayi.

Ya ce a gyara rufin kawai.

Klaudiya ta ce dama halinsa ke nan, ba ya son komai ya motsa, tun da ya gama sakandare yake zaune kamar turmin da ke ƙarƙashinsa. Ya ce to. Gardamar ma ta gundure shi.

Washegari da safe Romanus zai fasa ƙasa, dole a kwashe kaya. Mama ta tafi zumuntar mata a coci. Klaudiya ta ɗaura zani ta hau aiki. Chuwang ya dinga jera gwangwanayen a teburin baranda yadda suke a kanta, na hagu a hagu, na baya a baya. Ya je ajiye turmi ya dawo, ya tarar ta juye su duka cikin sababbin robobi iri ɗaya, ta liƙa wa kowace suna. Gwangwanayen suna cikin shara. Kantar ma ta ɓalle ta.

Da la'asar Mama ta dawo, tana cewa yau sai ta yi wa baƙuwarta gwaten acha da hannunta. Ta shige kicin ba tare da ta rage tafiya ba. Ta miƙa hannu. Bango ta taɓa. Ta sake miƙawa sama kaɗan.

"Suna tebur, Mama," in ji Klaudiya. "Na rubuta sunan kowanne."

Mama ta yi dariya, ta ce 'yan Abuja da iyayi. Ta fito tana shafa bango. Ta laluba tebur, ta ɗauki roba ɗaya, ta juya ta a hannu, ta buɗe ta sansana. Ta ajiye. Ta ɗauki wata, ta dangwala yatsa ta kai baki. Sukari ne.

Klaudiya tana tsaye dab da ita, ba ta motsa ba. Mama ta juya wajen ƙofar kicin, inda babu kowa, ta ce, "Klaudiya, miƙo min gishirin."

Chuwang ya miƙa mata. Yayarsa ta daɗe tana kallon fuskar tsohuwar, sannan ta juyo gare shi. Muryarta ta yi ƙasa.

"Tun yaushe?"