Hoton Inna Kafin Jirgi Ya Tashi

Saura kwana huɗu Inna ta tafi, Auta ta zazzage duk hotunan gidan a kan gado, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ga babu uwarta a ciki. Akwai dai wata mata sanye da kayan Inna, zaune ƙiƙam a kujera, hannu biyu bisa gwiwa, baki a tsuke kamar an bi shi da zare. Haka take a hoton auren Yaya, haka take ranar da Auta ta gama makarantar horon malamai, haka take a hoton fasfo na watan jiya. Shekara talatin ana ɗaukarta, fuskar ba ta taɓa sauyawa ba.

Innar da Auta ta sani kuwa ba ta iya zama shiru ba. Tela ce, kuma in ta hau keke, bakinta da ƙafarta tare suke aiki. Ta yi wa yadi faɗa, ta yi wa allura faɗa, ta kwashe da dariya har wushiryarta ta bayyana, sannan ta tayar da jijiyar wuya tana tambayar wa ya ɗauke mata almakashi, alhali yana kan cinyarta. Amma da zarar an ɗaga waya an nufe ta, shi ke nan, sai ta haɗiye duk wannan ta zauna kamar an dasa ta.

Tafiyar ba ta buɗe ido ba ce. Zuciyar Inna ta fara gajiya, likitan da zai iya da ita kuma yana can inda Yaya yake zaune, ƙasar da sai an wuni a jirgi. Yaya ya ce wata shida ne. Kowa ya ce to, wata shida. Amma Inna ta riga ta rabar da yaduka, ta ce in ta tashi a ba maƙwabciya keken, kuma wanda zai dawo bayan wata shida ba ya kyautar da kekensa. Auta ba ta da halin binta: ga aji mai yara arba'in, ga nata biyu a gida. Abin da take nema bai taka kara ya karya ba. Hoto ɗaya take so, wanda in kewa ta taso mata za ta duba ta ce, ga Inna. Waya ta gaza, don ɗakin ɗinkin tagarsa ɗaya ce, ita ma ginin maƙwabta ya tare rabinta, duk abin da aka ɗauka sai ya fito dishi-dishi.

Da aka tashi daga makaranta ta wuce shagon kayan hoto, wanda ke maƙale tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani. Mai shagon dattijo ne, abokin marigayi babansu, mutumin da ba ya amsa tambaya sai ya zagaya da ita. Ya saurare ta yana goge gilashi da tsumma, sannan ya ajiye kyamara biyu a kan kanta.

"Duka na 'yan koyo ne, 'yata. Duka kuma babu madubi a cikinsu, shi ya sa kika gan su ƙanana, ba nauyi. Wannan bara ta fito. Wannan yayarta ce, ta ba ta shekara shida."

"To wacce ta fi, Baba?"

"Haka kowa ke tambaya, kamar ana zaɓen kankana."

Ya ɗauki sabuwar ya janyo allonta, ya juya shi sama da ƙasa. Ya ce wannan ko a cinya ka ɗora ta kana ganin abin da take gani, ita da kanta take farautar idon mutum ta kama, kuma in ka danna ko sauro ya fi ta ƙara. Tsohuwar kuwa allonta a manne yake, amma tana da 'yar taga a sama wadda ake kafa ido a kai a leƙa. In ka danna sai ta ce ƙwas, kowa ya ji.

"Aibinta ɗaya," in ji shi. "In haske ya yi ƙaranci, sai ta yi ta laluben fuska kamar mai neman takalmi a duhu. Tana samu, amma sai ta ga dama."

Auta ta ce ai magana ta ƙare, sabuwar za ta ɗauka. Dattijon ya tura mata duka biyun.

"Na san innarki tun ba a haife ki ba. Tafi da su, jibi ki dawo min da wadda ba ta yi miki ba."

Washegari ba makaranta. Auta ta zauna a kujerar masu kawo ɗinki, sabuwar kyamara a cinya, ta rufa mata gefen mayafi, ta bar gilashin kawai yana leƙe. Inna na ƙarasa rigar ƙarshe da ta karɓa, ta wata mata da ta rantse ba ta ƙara ƙiba ba tun awon bara, Inna kuwa tana ba da labarin har da kwaikwayon muryarta. Auta na dariya tana dannawa. Wani ɗan akwati kore yana bin idon Inna a allo duk inda ta juya, kamar kaza da tsaba. Ba ƙara, ba motsi. Kafin azahar ta tara hoto ya fi ɗari.

Ta fita baranda ta zauna a matakala tana dubawa, zuciyarta fari ƙal. Ga wushiryar, ga zare a leɓe, ga hannu a sama ana faɗa da allura. Baba bai yi ƙarya ba, har zanen yatsun Inna ana gani. Sai dai tun tana murmushi har murmushin ya fara dushewa. A wannan Inna na kallon yadi. A wancan tana kallon taga. Inda ma take yi wa Auta magana, idonta ya wuce ta saman hoton, don fuskar 'yarta take kallo, kyamarar kuwa tana can ƙasa a cinya. Hoto ɗari da 'yan kai, babu ko ɗaya da zai dube ta in ta dube shi. Ta ji kewar uwarta ta kama ta tun yanzu, alhali ga ƙarar kekenta nan a bayan bango.

Ba ta lura ƙarar ta tsaya ba.

"Au, tun safe sata kike yi min?"

Inna ce tsaye a kanta, tef ɗin awo a wuya. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan.

"Inna, so nake in same ki yadda kike."

"Yadda nake." Ta dafa bango ta zauna a matakalar sama, tana numfashi a hankali. "Ke ba ki san kakarki ba. Hoto ɗaya ta bari a duniya. Wani ne ya ɗauke ta ba ta shirya ba, ɗankwali a karkace, tana tauna wani abu. Matar da ko shara za ta zubar sai ta gyara ɗauri. Yanzu duk wanda bai santa ba, haka zai ɗauka take. Hoto yana fin mai shi daɗewa, Auta. Ni na ce ba za a yi min haka ba."

Kunya ta rufe Auta. Shekara da shekaru suna tsokanar Inna da fuskar hoto, ita da Yaya, ba wanda ya taɓa tambayarta dalili. Ta ba ta haƙuri, kanta a ƙasa.

"In hoto kike so, ki tambaya kamar 'yar mutane," in ji Inna. "Gobe da hantsi."

Da hantsi Auta ta iske ta ta shirya tsaf. Ta sa rigar da ta ɗinka wa kanta don tafiya, ta share zare daga ƙasa, ta ja kujera gaban keke, ta zauna zamanta na hoto. Auta ta bar sabuwar a jaka, ko ganinta ba ta son yi. Ta ɗauko tsohuwar, ta ɗaga ta, ta kafa ido a 'yar tagar.

Ɗakin duk ya ɓace. Ba bango, ba akwatunan da aka jera a bakin ƙofa, sai Inna ita kaɗai a cikin duhu, tana kallonta ido cikin ido. Ko da fuskar hoton ce, wannan kallon nata ne. Ta taɓa maɓallin. Fuskar ta narke, ta dawo, ta sake narkewa. Kyamarar ta shiga lalubenta.

"Kin ɗauka?" Inna ta tambaya ta gefen baki.

"Tukuna. Kar ki motsa."

Inna ba ta motsa ba. Gilashin ya yi gaba, ya yi baya, ya kamo keken ɗinki tsaf, ya saki, ya kamo labule. Kumatun Inna suka fara rawa. Girarta ta hagu ta ɗaga, wadda tun suna yara in ta ɗaga kowa ke neman mafaka. Haƙuri ma yana da iyaka, na Inna kuwa dama ba shi da tsawo.

"Ke Auta! Wai a nan zan tsufa? Wace irin rubabbiyar aba ce wancan tsohon ya haɗa ki da ita, ko jirgin zai jira ta ne?"

Ƙwas.

Inna ta yi sak, baki buɗe, yatsa a sama. Sai ta gane abin da ya faru, dariya ta ƙwace mata, ta dafe ƙirji tana cewa Allah ya shirye ki, idonta na kan 'yarta.

Ƙwas.

Hoton ya tsaya ɗan lokaci a cikin 'yar tagar. Ɗauri a daidai, riga a goge, ba abin da kaka za ta ƙi. Fuskar kuma ta Inna ce, tana dariya, tana kallon Auta. A nan ta san wadda za ta mayar wa Baba anjima, kuma ba wannan ba ce.

Ba ta sauke kyamarar ba. Hawaye ne suka cika 'yar tagar, ta ƙara manna ta a fuska don kada a gani.

"An gama?"

"Saura ɗaya."

"Ƙarya kike, yatsanki ma ba ya kan abin." Dariyar ta bar muryar Inna. "Sauke ta."

"Inna..."

"Sauke ta, na ce. Ke kin samu naki, kin adana. Ni ba hoto nake so ba, kuma tun ɗazu baƙin ƙarfe nake kallo. Matso nan wajen haske."

Auta ta sauke. Ta matsa gaban tagar ta durƙusa, fuska jiƙe, ba ta goge ba. Inna ta tallafi haɓarta da hannu ɗaya ta juya ta wajen haske, ta bi goshin da kallo, ta bi idon, ta bi bakin, a hankali. Sun daɗe a haka, Auta ba ta motsa ba.