Jujin Ƙofar Gidan Tinga

A shekarar da Faransawa suka shigo Wagadugu, Nagoggo ta biyo ayarin fatake ta sauka a Zango, ba miji, ba ɗa, sai ƙwaryar furarta. Wani dattijon Mosi mai suna Tinga ya ara mata fili a gefen gidansa ta kafa bukka. Aro ne fa, ran da ya ga dama sai ya ce ta tashi.

Abu ɗaya ya tsone mata ido, jujin ƙofar gidansa. Toka, fasassun tukwane, ƙasusuwa, tsibi guda har ya fi mutum tsayi. Mutumin kirki kamar wannan, a ce iyalinsa sun bar shi da ƙazanta? Ran da suka tafi gona sai ta ci ɗamara, ta yini tana kwasa da kwando tana zubarwa a kududdufi, wai ita mai godiya.

Tinga ya dawo ya tarar da ƙaton giɓi a tsibin. Bai yi faɗa ba, zama ya yi a ƙasa ya dafe kai. Ita da ke jiran sannu da aiki, sai ta rasa gane kan abin.

Inna Balkisu, wadda ta tsufa a Zango, ta ja ta gefe. "Ke, wa ya aike ki? Tampure suke ce masa. Tokar murhun kakarsa na ciki, da ta uwarsa. Da tsayinsa ake sanin daɗewar gida. Kin mai da shi baƙo irinmu."

"Shara fa, Inna?"

"Sharar."

Nagoggo ta dubi bukkarta. In Tinga ya kore ta, ina ta nufa? Washegari ta shiga kududdufi tana tsamo jiƙaƙƙiyar toka tana mayarwa, matan Zango na ta dariya. Amma ruwa ya riga ya cinye mafi yawa, giɓin yana nan.

Da la'asar Tinga ya zo, ya yi magana da yarensu yana nuna murhunta. Ta ɗauka korarta yake yi, ta fara naɗe tabarma.

"Ajiye," in ji Inna, wadda ke wurin tana jin yaren. "Cewa ya yi ke kika yi giɓin, ke za ki cike. Kullum ki kai tokarki can."

"Da ɗan murhun nan nawa? Ai sai in mutu ban cike ba."

"Shi ma ya sani."

Nagoggo ta daɗe tana kallon tsibin. Sannan ta warware tabarmar ta shimfiɗa.