Lemun Tsamin Loredana

Alƙalin wasa ya nuna fenariti, filin Castelbruno ya kaure da ihu, amma babu mai bugawa. Wanda ya saba buga musu ga shi can ana fita da shi, ya riƙe idon sawu yana cije baki. Lokaci ya ƙare. In ƙwallon nan ba ta shiga raga ba kulob ɗin Castelbruno ya faɗa ƙaramin rukuni, kuma kowa ya san tsofaffi ake fara sallama.

Ermanno Cattabriga ne tsohon. Sai ya ga ƙwallo a hannunsa.

"Kai za ka buga, Kawu," in ji kocinsu daga bakin layi. "Yaran nan gwiwarsu rawa take yi."

Ermanno ɗan wasan tsakiya ne, irin masu ƙwato ƙwallo su miƙa wa wanda ya fi su iyawa. Ya yi wasa a arewa, ya yi a kudu, ya yi a garuruwan da jirgin ƙasa ma ba ya tsayawa. Duk bazara sabuwar riga, sabon gidan haya. Ƙwallayen da ya ci a rayuwarsa ba su cika yatsun hannu ba, kuma duk tsofaffin kulob ɗinsa ya ci. Al'ada ce in ka ci waɗanda ka taɓa sa rigarsu, ba ka murna: ka ɗaga tafukan hannu, ka sunkuyar da kai. Shi ya sa bai taɓa murnar cin ƙwallo ba.

Matarsa Loredana tana da bishiyar lemun tsami a tukunyar ƙasa, tana binsu gari gari a kujerar bayan mota. Saiwarta har ta fara tsaga tukunyar. "Ranar da na ga ka yi murna," ta ce masa, "ranar zan san mun zo gida, in dasa ta a ƙasa."

Yau kuwa da Porto Salice suke wasa, garin da ya fi daɗewa a ciki. A raga Gaspare ne, abokinsa, wanda suka kwana ɗaki ɗaya a duk tafiye-tafiyen wancan zamanin.

"Hagu za ka buga, Tsoho," in ji Gaspare yana tafa safar hannu. "Kullum hagu. Ko taliyarka ta hagu kake naɗe ta."

"Tumbinka ya toshe hagun ai."

"Girkin matata ne, kada ka zage shi."

Ermanno ya ajiye ƙwallo, ya ja baya. Can saman benci ya hango Loredana, ta rufe ido ɗaya da gyale. Ya taho a guje kamar mai nufin hagu, Gaspare ya yi tsalle can, shi kuwa ƙafarsa ta ɗan zame, ƙwallo ta gangara ta tsakiya a hankali, ta shige.

Filin ya ɗauka. Hannayen Ermanno suka tashi da kansu, kansa ya sunkuya, kamar yadda ya saba. Ya tsaya a haka yana fuskantar mutanen Porto Salice da suka zo a motoci. Ya san Loredana tana kallo, amma mutanen nan sun ciyar da shi lokacin da gwiwarsa ta karye.

Sai wata murya ta fito daga cikinsu. Inna Carmela ce, tsohuwar da ya yi haya a gidanta, ta leƙo ta saman shinge tana kaɗa jaka.

"Sauke hannun nan, ɗan nema. Mun yafe. Ka yi murna yarinyar nan ta huta da ɗaukar tukunya."

"Ka ji ai," in ji Gaspare daga ƙasa, yana tofar da ciyawa. "Ruga kafin in tashi in maƙure ka."

Ermanno ya ruga. Da yake bai taɓa yi ba, bai san inda ake nufa ba: ya fara dosar alƙalin wasa, ya karkata, ya zube a gwiwa zai sulale kamar yadda samari ke yi. Ƙasar busasshiya ce. Ya kife da fuska, 'yan wasa suka hau kansa, mutanen garuruwan biyu suna dariya.

Washegari da hantsi, gwiwoyinsa naɗe da bandeji, yana haƙa rami a bayan gidansu. Loredana ta ɗauko guduma ta tsaya kan tukunyar.

"Ka tabbata? In na fasa, babu wata."

"Fasa, Lore. Koci ya ce ina nan."

Ta fasa. Suna cikin tura ƙasa a gindin bishiyar, wata doguwar mota mai lambar tsibirin Sicilia mai nisa ta tsaya a ƙofar gida. Wani mutum mai farar kwat, wakilin wani kulob na can, ya fito, da sabuwar rigar ƙwallo mai ratsin ja a hannunsa, an riga an buga sunan Cattabriga a bayanta.

"Nan ne gidan gwarzon jiya?" ya tambaya yana murmushi.

Loredana ta miƙe, ba ta ajiye gudumar ba.