Gangar Kawu Tana Numfashi

Ka sha wucewa ta gabansu: gangunan baƙin mai a tsaye bakin titi, rana na gasa su, ruwan sama ya kwanta a kansu har tsuntsaye na sauka su sha. Ka gani sarai, ka kau da kai. Auta ce ba ta kau da nata ba.

Karo na biyu ke nan injin motar yayanta Dogo yana bugawa a damina ɗaya. Da motar ake ci a gidan, kuma keken ɗinkin Inna ne ya tafi a wannan gyaran. Babu sauran abin sayarwa. An gama haɗa inji, gobe za a zuba mai a tayar. Dogo ya shigo da sabon galan daga shagon Kawu, ƙanin Inna, da kuma wata gora ta tsohon man da bakanike ya tsiyaye.

"Wai in kai wa mai sayar mini," in ji Dogo. "Ya ce wannan shayi ne da madara."

Auta ta ɗaga gorar a rana. Me zai mayar da mai fari-fari haka? Ta ɗebi cokali guda daga sabon galan, ta shiga kicin, ta ɗiga a kan murfin tukunya mai zafi. Tas! Tas-tas! Har ya fallatsar mata a hannu.

Inna ta juyo. "Ke, mai ba ya wannan tsartsatsin sai da ruwa a ciki."

"Kawu ne fa," Dogo ya faɗa daga bakin ƙofa. "Cewa kike yana yi mana algus?"

Auta ta ɗauki mayafinta, ta nufi shagon Kawu.

* * *

"'Yar boko! Yau kuma me aka karanto mana?" Kawu ya tare ta da dariya, yana goge mazurari.

Da ta gaya masa, dariyar ta ɗauke. Ya ja ta har gaban gangunan, ya ce ta murɗa murfin in ta isa. Ta gwada, ko motsi bai yi ba.

"Ni da kaina nake ɗaurewa. Wallahi ban taɓa ƙara ko ɗigo ba."

Ta yarda da shi, abin da ya ƙara ɗaure mata kai ke nan. To ta ina ruwan yake shiga? Ta tsaya tana kallon ruwan jiya da ya taru a saman gangar, ya shanye murfin. Rana ta take, ƙarfen ya yi zafin da ba a iya dafawa. Sai ga ɗan kumfa ya ɓullo daga gefen murfin. Can wani ya biyo.

"Kawu, zo ka gani! Gangarka numfashi take."

"Numfashi? Rai gare ta?"

"Zafi ne ke turo iska waje. In ruwa ya sauko ta huce, sai ta ja ciki. Me za ta ja, ban da abin da ke kwance a bakinta?"

Kawu ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ruwan. Ya ƙirga kumfa uku.

"Ikon Allah! Shekara ashirin ina zaune kusa da ita."

"To a shigar da su ciki."

Ya miƙe, ya nuna mata layin da haɓa. "In na shigar, wa zai san ina da kaya? Dubi, kowa nasa a waje."

"Ko a kwantar da su, a rufa musu tampol."

"Gobe, 'yata. Ki gaida mini yayata."

* * *

Da safe Dogo ya ɗauki galan ɗin zai fita.

"Yaya, da shi za ka je?"

"In Kawu ya ji na sayi mai a wani wuri, da wane ido Inna za ta dube shi?"

Inna ta fito. Ta karɓi galan ɗin daga hannunsa, ta kai shi ɗaki, ta ajiye daidai inda keken ɗinkinta yake a da, inda sawun ƙafafunsa huɗu ke nan a siminti.

"Je ka nemi man da aka ajiye a inuwa, wanda ba a taɓa buɗewa ba. Ƙanina ne, ni zan ji da shi."

Motar ta tashi lafiya. Kawu kuwa sati uku bai leƙo gidan ba.

Ranar da Auta ta sake bi ta layin, an yi ruwa da asuba. Gangunan na nan tsaye, kowace da ɗan tafkinta a ka. Wani direba ya riƙe mazurari, Kawu na zuba masa, suna ta raha.

Wataƙila kai ne direban. In ka je juyen baƙin mai gobe, kada ka miƙa galan sai ka leƙa saman gangar. In ka ga ruwa, faɗa da ƙarfi, na bayanka ya ji.