Kabarin Karen Madam Beatrice

A shekarar 1954, lokacin Zuru tana cikin Lardin Neja, wani Baturen gona ya zauna a gidan dutse da ke bayan unguwar Rikoto. Matarsa Madam Beatrice ta zo da baƙin kare irin wanda Turawa ke kira fudul, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Mai kula da karen Kefas ne, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

A watan Maris Baturen da matarsa suka tafi hutu Ingila, suka bar karen a hannun Kefas. Ran tara ga Afrilu maciji ya sari karen, ya mutu. Kefas ya ɗinke gawar cikin bargonsa na soja, ya binne a gindin tudu, ya jera duwatsu a kai.

A watan Satumba jar karyar gidan Kefas ta haifi kwikwiyo guda ɗaya tak, baƙi wuluk, ta kuma ƙi shayar da shi.

"Maigida," in ji matarsa Keziah, "abin nan ba ya kuka, kallon mutum kawai yake yi. Ka kai shi daji."

"Ke da ba ki tsoron kunama, kwikwiyo ne zai hana ki barci?"

Da Madam ta dawo a Nuwamba ta ji labari, sai ta sa aka kawo kwikwiyon, ta ɗora bisa tebur. Ta shafa gashin, ta ga a nannaɗe yake, ko sili bai zube ba. Ta ja kunnen, ya kai gefen baki. Ta buɗe yatsun, ga fata a tsakaninsu kamar ta agwagwa. Ta duba tsinin hanci da tsayuwar wutsiya.

"Babu gauraye a jininsa," ta ce da Hausarta ta littafi. "Ruwa-biyu yakan ɗauko wani abu na uwa. Wannan bai ɗauko komai ba. Kuma cikin karya kwana sittin da uku ne, Kefas, ba wata biyar ba. Karena yana raye. Wa ka sayar wa? Ina aka sami macen irinsa?"

"Ranki ya daɗe, da hannuna na binne shi."

"To, haƙo shi. In babu shi, ka bar aikina, kuma Zuru duka za ta ji dalili."

Da rana tsaka suka je. Ciyawar damina ta riga ta ɗaure duwatsun da saiwa, sai da aka sa diga. Ga bargon, ɗinkin Kefas bai motsa ba, amma ya kumbura har ya cika ramin. Ya farke shi da wuƙa.

Gashi ne ya bulbulo, baƙi, a nannaɗe, da ɗumi kamar yanzu aka aske shi. Kefas ya tura hannu har kafaɗa yana lalube. Babu ƙashi, babu haƙori.

Kwikwiyon, wanda aka bari ɗaure a gida, yana zaune a bakin ramin.

Madam ta dubi kwikwiyon, ta juyo ga Kefas.

"Ba ka yi ƙarya ba," ta ce. "Ka ci gaba da aikinka. Amma kada ka ƙara shigo mini da shi."

Kefas ya sunkuya ya ɗauki kwikwiyon, don babu wanda ya yarda ya taɓa shi.