Gemun Dwight da Manhajar da Ba Ta da Uwa

Dwight Kessler gemu ne da shi har ƙirji, yana ji da shi fiye da motarsa. Ranar Asabar ya faɗo garejin Baba Floyd a Sunnyvale, inda masu haɗa ƙananan kwamfutoci da hannu suke taruwa, yana ɗaga faifai sama kamar wanda ya ciyo gasa.

"Ku ba da hanya! Ga manhajar da za ta tuƙa injinanmu. Daga kaina ta fito, ba uwa ba uba."

"Ko kaza daga ƙwai take, yaro," in ji Baba Floyd, bakinsa cike da donat.

"Ban da wannan. In wani ya sarrafa ta ban koya masa ba, a aske min gemun nan yanzu-yanzu."

Gareji ya kaure da shewa. Rhoda Ybarra ta ajiye kofinta. Da ita da Dwight sun daɗe suna aiki a kan babbar kwamfutar jami'a, waccan mai cika ɗaki.

"Matsa ka ba ni kujera, Na-Gemu."

Ta karɓi faifan ta zura a inji, ko tambaya ba ta yi ba. Ta buga umarnin duba faifai irin wanda hannunta ya saba da shi a jami'a. Sunayen abubuwan da ke cikin faifan suka zubo tar. Dwight ya dafe gemu.

"Katari ne!"

Ta buga na kwafi, da tsarin nan na baibai: sai ka fara faɗin inda kaya za su, sannan inda suke. Ba wanda ya kai Dwight zagin wannan tsari a jami'a. Inji ya kwafa lafiya lau.

"Au, har abin da kake zagi ka ɗauko?"

"Na rantse ko layi ɗaya ban kwafa ba!" Gaskiyarsa kuwa. Shi duk a ganinsa haka aka halicci kwamfuta.

"Na yarda, mutumina. Kanka bai yi sata ba, yatsunka ne suka yo guzuri."

Baba Floyd ya riga ya jona injin askin karensa. Sai Rhoda ta buga shirme da gangan. Kwamfutar jami'a lambobi take watsa wa mutum in ya yi kuskure. Wannan kuwa cewa ta yi: Haba dai, sake gwadawa.

Rhoda ta kwashe da dariya. "To wannan tsiwar taka ce, ba ta jami'a ba. Kuma ka cusa giwa cikin akwati, ba a hana ka ba. Baba, gemu na jami'a ne, a kwashe. Gashin baki nasa ne, a bar masa."

Inji ya yi ƙara, gemu ya zube kan siminti. Dwight ya shafa haɓa, ya ji iska na kaɗa ta.

"Tsarin kwafin nan," ya ce, "gobe zan juya shi."

"Kar ka soma," in ji mutum uku a tare. "Mu ma da shi hannunmu ya saba."