Takalman Mushe Chaibou

Mushe Chaibou (mushe muke ce wa malamin boko) ya dawo daga horon mataimakan daraktoci a Yamai da baƙaƙen suliye, takalman Turawa masu ƙyalli, da karabat ɗaure a wuya, da wani kaye, littafin rubutu, cike da dokokin shugabanci. Ni Garba, mai koyar da ajin ƙanana a lakol ɗinmu, makarantar boko ta Agadas, ina ganinsa na ce a raina yau akwai kallo.

Ba mugu ba ne, kar ku ce na faɗa. Mutumin Tasawa ne mai ƙwazo, kuma yana son yara har cikin ransa. Aibinsa ɗaya, duk abin da ke cikin kayen nan ba ya ƙetare shi.

A 1964 ne, daraktanmu tsoho Illiya zai ajiye aiki ƙarshen shekara. Mai duba makarantu zai zo wata Laraba ya ga ko Chaibou zai iya riƙe lakol, ko a turo mana wani daga Yamai. Chaibou yana son kujerar nan, bai taɓa ɓoyewa ba.

Saura kwana tara, Illiya ya kira shi biro, wato ofis, ya miƙa masa mabuɗi da hatimi.

"Gwiwata ta tashi, Mushe. Zan je gida in kwanta. Lakol tana hannunka."

Da idona na ga mai ciwon gwiwar ya tsallake rami a bakin ƙofa, bai ko dafa bango ba.

Chaibou ya buɗe kaye, ya ga inda aka ce shugaba nagari yana tara iyaye. Sai ya shirya taron iyaye ranar zuwan mai dubawa, don ya burge shi. Ya zauna ya rubuta takarda ɗari da arba'in da hannunsa, cikin Faransancin Yamai, ya buga wa kowace hatimi, ya ninke, ya ce kowane yaro ya damƙa wa ubansa. Ina tsaye ina kallo, kuma na san abin da zai biyo baya. Na yi gum da bakina, na ce ai ba ni aka kai Yamai ba. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Da safe aka buga ƙarfen kiran yara har hannu ya gaji. Goma sha tara suka zo, yawancinsu ɗiyan ma'aikata.

A tsohon garin Agadas takarda mai hatimi ba ta taɓa shiga gida da alheri ba. Zamanin kumandan na Faransa ita ke ɗauke namiji ta kai shi soja ko aikin tilas. Tuta ta canja shekara huɗu da suka wuce, amma tsoron yana nan daram. Tun yammar da aka raba takardun labari ya game gari cewa za a zuba yara cikin kamyo, babbar mota, a tafi da su Yamai. Yaran da suka iya karatu sun yi ta cewa taro ne kawai, amma wa ke jin ta bakin yaro a kan takardar gwamnati?

Kwana biyu lakol ta zama kango. Chaibou ya rame a tsaye, har ya ba ni tausayi. Na raka shi gidan Illiya, muka iske mai jinya ya tanƙwashe ƙafa yana dafa shayi. Chaibou ya ajiye mabuɗi da hatimi a kan tabarma.

"Baba, ku karɓi kayanku. Na watsa muku lakol."

"Ɗauki mabuɗin," in ji Illiya. "Hatimin bar shi nan ya huta. Takarda nawa ka aika?"

"Ɗari da arba'in."

"To, ka je ka karɓo su da hannunka, gida gida. Kar ka duba agogo, kar ka ɗauko maganar lakol sai an ba ka finjali na biyu. Garba zai raka ka, tunda Allah ya ba shi baki ya ƙi aiki da shi."

Na sunkuyar da kai, don gaskiya ya faɗa.

Mun fara da zauren Bahago baduku, mai ɗinkin takalma. Bai ma bar takardar ta shiga gida ba, ya danne ta da dutse a waje. Ƴarsa Aissa kuwa har an ɗaure mata kaya, za ta bi ayari zuwa garka, wato lambun gwaggonta a Timia. Chaibou ya zauna a ƙasa da karabat ɗinsa. Yana kurɓar finjalin farko ya buɗe baki da maganar lakol, na mintsine shi a cinya. Ya haɗiye maganar, ya tambayi Bahago yadda ake rina fata ta yi ja haka. Bahago ya yi rabin awa yana bayani, Chaibou yana gumi.

Da finjali na biyu ya zo, ya ɗauko takardar daga ƙarƙashin dutse, ya karanta ta da Hausa, ya nemi gafara, ya yage ta.

"Au, dama gayyata ce?" in ji Bahago. "To Mushe, ƙafarka ce ta karye da ba ka zo ka faɗa ba?"

Ya yi dariya har da dafe ciki, ya leƙa cikin gida ya ce a kwance kayan Aissa.

Haka muka yi ta bin lunguna, safe da yamma. Mun sha shayi har ya gundure mu. Rana ta biyu suliye suka fasa masa dunduniya. Rana ta uku ɗaya ya buɗe baki, ya ɗaure shi da karabat. Daga nan ya rataye su a kafaɗa yana tafiya ba takalmi, mata suna leƙowa suna yi masa sannu suna dariya. Ya koyi sunan kakanni, ya san gidan da ake jinya, ya san yaron da ke makara saboda shi ke kai awaki bakin gari. Da muka sake bi ta ƙofar Bahago, baduku ya bi ƙafar Chaibou da kallo.

Ranar Laraba mai dubawa ya ƙirga yara sau biyu, don lissafin ya ƙi dacewa da rajista. Ɗari da hamsin da ɗaya ne. Wasu gidajen sun haɗo da ƙanne. Iyaye kuwa sun cika fili, har da tsofaffin da ba su taɓa taka lakol ba.

"Da me ka kira mutanen nan?" mai dubawa ya tambaya.

"Da ƙafa, Mushe."

Mutumin ya dubi ƙafar da ke naɗe da tsumma, ya rubuta wani abu, ya rufe kayensa.

Bayan an watse Bahago ya matso da ƙunshi. Takalma ne na jar fata, da adon kore. Chaibou ya sa, suka zauna masa daidai.

"Baba, yaushe kuka auna ni?"

"Ka bar mini sawu a yashin ƙofata."

Illiya, wanda gwiwarsa ta warke ranar, ya ɗan ɗage rigarsa. Irin takalman ne a ƙafarsa, sun tsufa har jan ya koma baƙi.

"Ni sai da na shekara shida a garin nan kafin ya ɗinka mini nawa," ya ce.

Chaibou ya juya baya yana gyara igiyar takalmi da babu abin da ya same ta. Na ga hawayen, kuma wannan karon shiruna ya yi daidai.

Bayan wata guda, takarda ta zo wa Chaibou daga Yamai da hatimi a kanta. Bai buɗe ta a biro ba. Ya sa takalmansa, ya kai ta zauren Bahago, ya jira finjali na biyu, sannan ya karanta mana naɗinsa na darakta da Hausa.